Mace Ce Ta Haihu, Don Me Namiji Zai Nemi Hutu?



Yau ga wata tambaya mun kawo muku. Ku karanta, ku tattauna ta a ajin yaƙi da jahilci da gindin bishiya. A ƙasashe da dama, doka ta ce in matar ma'aikaci ta haihu, a sallami mijin ya koma gida na wasu kwanaki, kuma a biya shi albashinsa kamar yana bakin aiki. Wannan shi ake kira hutun uba.

Duk inda aka faɗi maganar nan a karkara, sai dariya ta tashi. Wani ya ce, "Shi ya yi naƙudar?" Wani ya ce, "To shi ma a dafa masa ruwan wanka mana!" Dariyar tana da dalili, gama kowa ya san wanda ya sha wahala. Amma mu bi maganar sannu sannu, mu ga ko akwai gaskiya a ƙarƙashinta. Tambayar ita ce: ranar da aka yi haihuwa, me ke kan uba? In ya aiko da kuɗi da rago, ya sauke nauyi ke nan, ko kuwa da saura?

Abin da dokoki suka tanada

Mu fara da mata. Tun a 1952, lokacin mulkin Faransa, dokar aiki ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14. Dokar aiki ta Jamhuriyar Nijar ta ranar 25 ga Satumba 2012 ta riƙe mako 14 ɗin nan, kuma 8 daga ciki bayan haihuwa ake cin su. Mai aiki ba shi da ikon korar mace don ta tafi wannan hutu.

To, namiji fa? A watan Disamba 1972 ƙungiyoyin ma'aikata da masu ba da aiki na Nijar suka sa hannu a kan wata babbar yarjejeniya. A cikinta aka ba ma'aikaci kwana 1 in an yi masa haihuwa. Kwana ɗaya tak. Kafin ya kai ƙauyensu ya yi barka, rana ta faɗi.

Maƙwabtanmu na Nijeriya sun ƙara a kan haka. A 2014 jihar Legas ta ba ma'aikatanta maza kwana 10. A watan Satumba 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kwana 14 na aiki ga ma'aikatanta, aka fitar da takardar umurni a watan Nuwamba 2022. Takardar ta sa iyaka: sau ɗaya cikin shekara 2, kuma ga ƴaƴa 4 kawai. Ta kuma ce wanda ya ɗauki jaririn da bai kai wata 4 ba don ya riƙe, shi ma yana da wannan hutu. A Faransa, tun daga watan Yuli 2021 uba yana samun kwana 28. Ƙasar Suwidin kuwa tun 1974 ta ce uwa da uba su raba hutun renon jariri tsakaninsu.

Kun ga ke nan, daga kwana 1 har zuwa kwana 28, kowace ƙasa da mudunta. Amma duk sun yarda da abu ɗaya, wato akwai wani aiki a gida wanda ke jiran uba.

Yadda iyayenmu suka yi

Wani zai ce wannan baƙuwar al'ada ce, kakanninmu ba su san ta ba. Gaskiya ne ba su san takarda ba. Amma ku tuna da abin da al'ada ta ɗora wa miji tun kafin zuwan takarda.

Tun ciki yana wata bakwai ko takwas, miji ke tara itacen wanka. Shi ke nemo babbar tukunya. Shi ke tanadin gero na kunu, da kayan yaji, da naman ƙauri. In an haihu, shi ko wani babba na gidan ke yi wa jariri kiran salla a kunne. Shi ke zaɓen suna ya yi huɗuba. Shi ke bi gida gida yana rabon goro, yana gaya wa dangi da abokai. Shi ke kiran liman da wanzami, ya sallami ungozoma, ya kawo ragon suna. Duk wannan cikin kwana bakwai ne. Wa ya taɓa ganin mai haihuwa ya zauna a makon nan? Addini ma ya ɗora wa uba ci da tufafin mai shayarwa, kuma an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taya iyalinsa aikin gida.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya yi sarauta har zuwa 1884, yawancin magidanta kusa da gida suke aiki. Manomi yana gandu tare da ubansa da ƙannensa. Majemi da baduku da maƙeri da marini, kowa sana'arsa tana cikin unguwarsu. In aka ce an haihu, sai mutum ya ajiye kayan aiki ya shiga gida, ba ya neman izinin kowa. Fatake kam sukan yi watanni a kan hanyar Kano ko ta Agadas har zuwa Tarabulus. Amma falke yana barin matarsa cikin babban gida, ga uwarsa, ga wansa, ga rumbu a cike. In wani abu ya taso, akwai mai yanke shawara nan take.

Abin da ya sake

Turawan Faransa sun shigo Damagaram a 1899, garin ya zama babban birnin ƙasa har zuwa 1926 da aka mai da mulki Yamai. Tare da su aikin bariki ya zo. Aka yi aikin dole, wanda ba a hana ba sai a 1946. Aka yi aikin albashi, wanda muke ciki har yau.

Me ya bambanta aikin albashi da noma? Ma'aikaci ya sayar da lokacinsa. Daga safe zuwa yamma, ranarsa ta mai biyansa ce. Malamin makaranta ɗan Magarya ana iya kai shi Tanut ko Gure. Soja da ɗan sanda da malamin asibiti ba su zaɓen inda za su zauna. Ma'aikacin matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a arewa da birnin Damagaram, yana da lokacin shiga da na fita. Direban babbar mota yana kwana a hanya. Mai gadi ba ya barin ƙofa.

Da yawa daga cikinsu suna zaune da matansu a ɗakin haya, nesa da dangi. Babu uwar miji, babu kishiya, babu ƙanwa. In matar ta haihu, wa zai ɗebo ruwa? Wa zai hura wuta? Wa zai kula da manyan yaran? Abin da babban gida ke yi a da, yanzu ya faɗo kan mutum biyu, ɗaya kuma tana kwance. Saboda haka dokar hutun uba ba ta ƙago wani sabon aiki ba. Ta dai mayar wa mutum ƴan kwanaki daga cikin lokacin da ya sayar, don ya yi aikin da ke kansa tun asali.

Don me kwanakin farko?

Don nan hatsari yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin jarirai 4 da ke mutuwa a watansu na farko, 3 a makon farko suke mutuwa. Mai jego ma haka. Zubar jini bayan haihuwa tana iya kashe mace cikin ƴan awoyi. Shi ya sa likitoci ke so a duba uwa da ɗa a ranar farko, a sake dubawa a kwana na 3, a kuma duba tsakanin kwana 7 da 14, sa'an nan a mako na 6.

Ga alamun da ba a kwana da su a gida. Ga uwa: jini mai yawa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jijjiga, kumburin fuska da ƙafafu, numfashi da ƙyar. Ga jariri: ƙin kama nono, jiki ya yi zafi ƙwarai ko ya yi sanyi, ido da jiki su yi ɗorawa, cibiya ta yi ja tana ruwa, numfashi da sauri.

Yanzu ku yi tunani. A gidajenmu, wa ke ba da izini mace ta fita? Kuɗi yana hannun wa? Wa zai ɗaure amalanke da tsakar dare, ko ya tayar da mai kabu-kabu? In an ce ana bukatar jini a asibiti, wa zai nemo masu bayarwa? Sau da yawa mata suna gani da idonsu abu ya ɓaci, amma sai su ce a jira mai gida. Mai gida kuwa yana Kano, ko yana Jado wajen haƙar zinariya. Kafin a same shi a waya, kafin kuɗi su iso, lokaci ya wuce.

Nan ne gindin maganar. Mutumin da ya riƙe izini da kuɗi a hannunsa, bai kamata ya yi nisa a ranar da ake bukatar izini da kuɗi cikin gaggawa ba. Wanda ya ce shi ne mai gida, to, ya zama yana gida ranar da gida ke rawa. In tafiya ta zama dole, ya bar izinin a baya. Ya faɗa a gaban shaidu cewa in abu ya taso a kai ta asibiti ba sai an jira shi ba, ya bar kuɗi a hannun matar ko na wanda ta amince da shi.

Har wajen al'adun jego ma idon miji yana da amfani. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta suna tafiya tare da ciwon zuciya ga masu jego. Mai jego tana jin nauyin musa wa tsofaffi. Miji yana iya roƙonsu da ladabi a rage kanwa, a sassauta zafin ruwa.

Masu musu, da amsarsu

Na farko ya ce, "Ai da kunya. Namiji ya zauna cikin mata, balle a haihuwar fari?" Kunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Ba wanda ya ce miji ya shiga ɗakin naƙuda ko ya zauna cikin ƴan barka. Faskare ba ya bukatar shiga ɗaki. Ɗebo ruwa daga rijiya, kai yara makaranta, zuwa kasuwa, karɓo takardar haihuwa, duk a waje ake yin su. In matar ta tafi wankan gida wurin iyayenta, hanya ba ta toshe ba. Ya je ya gaishe da surukai, ya tambayi lafiya, ya ji abin da ake bukata. Amma kunyar da za ta hana mutum tambayar ko jinin ya tsaya, wannan ta wuce gona da iri. Me ya fi zama abin kunya, a ga mutum da tulu, ko a ce matarsa ta rasu yana majalisa bai sani ba?

Na biyu shi ne mai ba da aiki. Ya ce, "Mu nan muna haihuwa da yawa, wani ma matansa uku. In kowa ya tafi, wa zai yi aikin?" Wannan magana ce mai nauyi. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna mace a Nijar takan haifi ƴaƴa 7 zuwa 8 a rayuwarta. Mai ƙaramin shago da yaro ɗaya ba daidai yake da gwamnati ba. Shi ya sa Nijeriya ta sa iyaka, shi ya sa kuma a Faransa asusun kula da ma'aikata ke biyan mafi yawan kwanakin, don kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya. Amma mai aiki ya tuna da abu biyu. Haihuwa ba ta zuwa ba zato, tana ba da sanarwa tun wata tara, ana iya shirya wanda zai riƙe wurin. Kuma direban da aka hana shi tafiya, jikinsa yana mota, zuciyarsa tana gida. Wa ke so ya hau motar nan? Kowa ya yarda a sallami ma'aikaci ya je jana'iza. In an yarda ya tafi don binne matarsa, don me za a hana shi tafiyar da za ta iya tsirar da ita?

Na uku ya ce, "In an ba maza hutun nan, a wurin shayi da karta za su cinye shi." Wannan ma yana faruwa. Sunan ne ke ruɗin mutane. An kira shi hutu don an huta da aikin ofis, amma kwanakin na mai jego ne da jaririnta, an dai damƙa su a hannun miji amana. Wanda ya karɓa ya tafi yawo ya ci amana sau biyu: ya cuci mai biyansa, ya cuci iyalinsa. Ya kuma ɓata wa na bayansa, gama gobe in wani ya nema, da shi za a yi misali. Doka tana iya buɗe wa mutum ƙofar ofis ya fita, amma ba ta iya kai shi bakin rijiya. Wannan sai hali.

Darasi daga ƙasarmu

Kada a ce mazan karkara ba su iya sakewa. A nan jihar Damagaram aka fara nuna wa duniya haka. A 2007 hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka yi bincike a kan abin da ke hana mata zuwa awon ciki da haihuwa a asibiti. Aka tarar babban dalili shi ne maza, don su ke da iko. Daga nan aka buɗe makarantun magidanta guda 11 a yankunan Matamai da Magarya, da goyon bayan sarakuna da malamai.

Makarantar ba ta da allo, ba ta da bulala. Magidanta ne masu mutunci a gari, waɗanda matansu ke zuwa asibiti, suke haɗuwa sau biyu a wata. Su tattauna matsalar garinsu, su nemi shawarar malaman asibiti, sa'an nan su bi ƴan'uwansu maza da magana a masallaci da kasuwa da wurin suna. Ba a biyan su ko dala. Abin ya yi kyau har ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar, wasu ƙasashen Afirka ma suka ɗauka. Mazan nan ba su jira doka ba. Sun gane cewa haihuwa ba ta mata kaɗai ba ce.

Ɗan riƙo fa?

Dokar Nijeriya ta ambaci wanda ya ɗauki jariri don ya riƙe. Mu ma mun san riƙo. Musulunci bai yarda a sake wa yaro sunan ubansa ba, amma ya kwaɗaitar da riƙon maraya ƙwarai. Annabi da kansa maraya ne, kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi, daga baya baffansa Abu Ɗalibi.

A ce mace ta rasu wajen haihuwa, aka kawo jaririn gidan ƙanen ubansa. A gidan nan ba mai jego, ba wanda ya yi naƙuda. Duk da haka wa zai ce ba a bukatar mai gida? Sai an nemo mai shayarwa ko madara, sai an kai shi awo da rigakafi, sai an yi masa takarda, sai an kwana ana jijjiga shi. Wannan ya nuna mana cewa ba don gajiyar jiki ake ba uba kwanakin nan ba. Don sabon rai ne da ya shigo gida, wanda ba ya iya yi wa kansa komi.

Mu da ba mu cin albashi

Yawancin masu karanta wannan takarda manoma ne. Za ku ce, "Mu wa zai ba mu hutu? Gona ba ta san doka ba." Haka ne. In haihuwa ta faɗo lokacin noman fari, ciyawa ba ta jira. Amma muna da tamu dokar, ita ce gayya. In maƙwabci ya samu ƙaruwa a tsakiyar damina, mutum biyar su ba shi yini ɗaya a gonarsa, sun ba shi kwana biyar ke nan a gida. Gobe in ta faɗo kan wani, a rama masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mai zuwa cin rani kuma ya iya lissafi. Ya tambayi matarsa watan haihuwa kafin ya ɗauki jaka. Ko ya jinkirta tafiya, ko ya komo da wuri. Jika goma da zai ƙara samu a can ba za ta sayo masa uwar ƴaƴansa ba.

Kai kuma ma'aikaci, kada ka jira sai ranar naƙuda. Ka duba takardar aikinka, ka tambayi wakilin ƙungiyarku ko ofishin sufeton aiki kwana nawa ne haƙƙinka. Ka gaya wa shugabanka tun da sauran wata biyu. In kwanakin ba su isa ba, ka ajiye wani abu daga hutunka na shekara ka haɗa. Ƙungiyoyin ma'aikata kuma, in sun zauna da hukuma, su nemi aƙalla kwana 7, daga haihuwa zuwa suna, gama shi ne mudun da al'adarmu ta auna tun da daɗewa. Kai ma mai shago ko mai mota da ke da yaro ɗaya ko biyu, kai ne gwamnatinsu. Abin da kake so a yi wa mijin ƴarka, ka yi wa yaronka.

To, ƴan'uwa, rago da goro suna da kyau, kuma ana iya aiko da su a mota. Amma idon da zai ga jini ya yi yawa, da bakin da zai ce a tashi a tafi asibiti yanzu, waɗannan ba a aiko da su. Sai mai su ya zo da kansa.

Ku tattauna a ajinku: a garinku, in mai gida ba ya nan, wa ke da ikon kai mai jego asibiti? Magidanta nawa za su yarda su yi wa mai haihuwa gayya a daminar bana? Ku rubuto mana da hannunku abin da kuka shirya.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya ba iyaye ikon riƙon amana. Amin.